Daga Agege Zuwa Kan Ringi: Yadda Muke Shirya Ɗan Dambe Don Karonsa Na Farko

Yawancin samarin da ke zuwa wurinmu a Agege don koyon damben zamani sun riga sun taɓa ɗaure hannu. Wani yaron mahauta ne daga Oko-Oba, wani ɗan dako ne a Mile 12, wani ya yi turmi biyu-uku na damben gargajiya tun a gida ya ga yana da hannu. Tambayarsu a ranar farko ɗaya ce: "Koci, yaushe zan hau ringi?" Nakan ce wata shida, in ba a yi fashi ba. Ga yadda watannin suke tafiya, kamar yadda muka bi da wani saurayi mai shekara 19 da ya zo mana da nauyin kilo 63 da rabi, muka kai shi karonsa na farko a rukunin kilo 60.

Kafin ya taɓa buhun naushi sai mun ga mutum biyu, mahaifinsa ko maigidansa, da kuma likita. Wanda bai kai 18 ba, dole iyaye su sa hannu a takarda. Wanda ya wuce haka ma nakan je, domin yaron da ke fita mayanka tun asuba ba zai samu lokacin horo ba sai da yardar wanda yake yi wa aiki. Kuma nakan faɗi gaskiya tun a zaman farko: "Alhaji, wannan damben ba na kuɗi ba ne. Damben 'yan dagaji ne, lambar yabo ake bayarwa da takarda." Abin da ke cikinsa hanya ce. Wanda ya yi fice yana iya shiga tawagar jiha, ya je gasar wasanni ta ƙasa wadda aka fara a nan Legas a 1973, kuma soja da 'yan sanda suna da ƙungiyoyin dambe.

Likita zai duba ido, kunne, bugun zuciya da hawan jini, ya tambayi ko yaro ya taɓa suma, ko yana da farfaɗiya, asma ko sikila. Ana gwajin jini na ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, saboda a ringi jini yakan haɗu. Yara suna ɓoye abu don kada a hana su, musamman matsalar ido. Shi ya sa nake shiga tare da su. Sakamakon nan shi ake sawa a littafin ɗan dambe, ɗan ƙaramin littafi mai hotonsa wanda za a riƙa rubuta kowane karo da ya yi, da nauyinsa, da yadda aka tashi. Duk shekara ake sabunta gwajin.

Wata biyun farko warwara muke yi. Ɗan damben gargajiya yana tsayawa ƙafafu a wawware, ya miƙa hagu a buɗe yana kare kansa yana auna tazara, ya ja hannun da aka ɗaure can baya yana jiran dama ɗaya da zai yi kisa. A ringi kowanne daga cikin waɗannan yana jawo masa asara. Ajiye hannu a miƙe a fuskar abokin karawa laifi ne. Naushin da aka kwaso daga baya yana zuwa a zagaye, ana hango shi tun daga nesa, kuma yakan sauka ta wajen tafin safar dambe, abin da alƙalin wasa ke ɗauka a matsayin mari, ba maki sai gargaɗi. Shuri kuwa, wanda halal ne a fagen gargajiya, yana iya sa a kori mutum nan take. Na ga yaron da ya ji zafin naushi ƙafarsa ta tashi da kanta kafin ya tuna inda yake.

Saboda haka da alli muke farawa. Ina ja layi a ƙasa, yatsun ƙafar gaba su taɓa shi ta gefe ɗaya, diddigen ƙafar baya ta ɗaya gefen, tazarar ƙafafun ta ɗan fi faɗin kafaɗa kaɗan. Mai dama yana sa hagu a gaba, bahago ya sa dama. Diddigen baya a ɗage, gwiwoyi a sake, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, hannun baya a kunci. Ina naɗe hula in sa masa ƙarƙashin haɓa ya maƙale ta, in ta faɗi haɓarsa ta tashi ke nan, sai a sake. Dokar taku kuma ba ta canzawa: ƙafar da ta fi kusa da inda za ka ita ce ke fara tafiya, ɗayar ta biyo ta da daidai tazarar, kuma ba a harɗe su. Wanda ya harɗe ƙafa, ko turi kaɗan ya kai shi ƙasa.

Sai hannun gaba. Mako uku cur wannan saurayi bai jefa dama ba. Jab kawai, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba, ya fita a layi ɗaya daga kunci ya dawo ta inda ya bi, kafaɗa ta taso ta rufe haɓa, numfashi ya fita ta hanci tare da naushin. Ya ji haushi, har ya ce mini, "Koci, hannun nan fa garkuwa ce, ba ya kisa." Na ce masa a nan ba kisa ake nema ba, maki ake tarawa, kuma hagun nan ita za ta ci masa rabin wasanninsa. Bayan ta zauna muka ƙara miƙaƙƙiyar dama, sannan huk mai zuwa a lanƙwashe ta gefe, sannan afakot mai tasowa daga ƙasa. Inda ɗan gargajiya ya fi sauran yara shi ne juya ƙugu. Ya riga ya san ƙarfi daga ƙafar baya yake tasowa, yana da idon tazara, kuma taron jama'a ba ya firgita shi. Waɗannan ba na taɓa su.

Hannu shi ne jarin ɗan dambe, kuma shi ne abin da sababbi suka fi lalatawa. Ƙananan ƙasusuwa ne jere a bayan hannu, ba a halicce su don dukan buhu sau ɗari biyar a rana ba. Bandejin da dokar gasa ta yarda da shi bai gaza mita 2.5 ba, bai wuce mita 4.5 ba, faɗinsa santimita 5.7. Ina sa su saba da mai tsawon tun a horo. A rataya madaukin a babban yatsa, a fara ta bayan hannu, ba ta tafi ba, don kada ya warware in an dunƙule. Zagaye uku a wuyan hannu, uku a kan gaɓoɓin da ke duka, sannan a ratsa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a fara daga tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, kowane ratsi ya dawo wuyan hannu. A kewaye babban yatsa sau ɗaya, abin da ya rage ya ƙare a wuyan hannu. Yatsu a ware suke yayin ɗauri. In an gama, ya dunƙule: ya ji ya kama, amma in ya buɗe jini na gudu. Farce ya yi fari ko yatsu sun fara mutuwa, an matse da yawa, a kwance a sake. Wanda ya saba da ɗaurin gargajiya yakan so ya ji hannu ya zama dutse, sai na hana.

Gaɓoɓi biyu ne ke sauka a kan abin duka, na manuniya da na yatsan tsakiya. Idan huk ta zo a karkace ta sauka a kan gaɓar ƙaramin yatsa, ƙashin da ke bayanta ne ke tsagewa, kuma wannan hutun mako shida ne ko fiye. Alamarsa kumburi a gefen hannu da gaɓar da ta nutse. Kada a kai wa mai ja ya murza, a je a ɗauki hoto.

Safar horo mai oza 14 ko 16 muke amfani da ita, ta fi ta gasa nauyi da laushi. Sabuwa tana da tsada, don haka da yawa gwanjo suke saye a Katangowa ko Yaba. Ba laifi, amma a sa hannu a dunƙule a danna gaban da babban yatsan ɗaya hannun. In ka ji gaɓarka ta cikin soson, safar ta mutu, ko da fatarta na ƙyalli. Damshin Legas kuma ba ya barin safa ta bushe da kanta. A cusa mata tsohuwar jarida bayan horo, a rataye ta inda iska ke bi, a wanke bandeji kullum, in ba haka ba makero ya zagaye yaran gaba ɗaya. Buhu ma akwai kuskuren da ake yawan yi, wato cika shi da yashi. Yashi yana gangarowa ƙasa ya daskare kamar bulo. Ƙyallayen tela muke karɓowa mu danna su sosai, su ne ke karɓar naushi ba su fasa hannu ba.

Robar baki mai kare haƙora kuwa, wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta wadatar. A tafasa ruwa a sauke, a jefa ta kamar daƙiƙa 30 ko yadda takardarta ta ce, a tsoma a ruwan sanyi sau ɗaya, a sa a haƙoran sama a cije a hankali, a tsotse iskar, a danna da yatsu ta waje da harshe ta ciki. Wadda ta zauna daidai ba ta faɗowa in an buɗe baki. Kada a sayi ja, saboda tana ɓoye jini. Kuma da ita a baki ake horo tun daga farko, domin numfashi da roba a baki abu ne da sai an saba.

Karon manya turmi uku ne, kowanne minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Yara 'yan 15 da 16 minti biyu-biyu suke yi. Wanda bai taɓa yi ba yakan raina minti tara, sai ya shiga ya ga a tsakiyar turmi na biyu hannuwansa sun zama kamar an rataya musu bokitin ruwa. Saboda haka duk abin da muke yi da agogo muke yinsa, uku da ɗaya: tsallen igiya turmi uku, damben inuwa uku, buhu huɗu, dukan tafin koci uku, sannan aikin ciki da wuya. Gudu bayan sallar asuba kafin motoci su cika titi, kilomita biyar ko shida sau uku a mako. Sau biyu kuma gudun tsere, mita 400 sau shida da hutun minti ɗaya, domin dambe ba tafiya ɗaya ba ce, fizga ce da lafawa. Rana ɗaya a mako hutu ne cikakke. Da azumi mukan mayar da aiki mai nauyi bayan tarawihi, kafin magariba sai inuwa da taku kawai, kuma ba na sa mai azumi gwajin dambe.

Gwaji da abokin horo sai a wata na uku. Ba na haɗa sababbi biyu, domin ba wanda ya iya riƙe hannunsa, faɗa kawai za su yi. Tsohon hannu nake ba shi, wanda zai taɓa shi ya nuna masa ƙofar da ya bari a buɗe ba tare da ya ji masa ciwo ba. Makon farko jab kawai, minti biyu. Sannan a ƙara dama, sannan a sake su. Sau biyu a mako ya isa, da safa mai oza 16, hular kariya da robar baki. A nan ake ganin abubuwan da buhu ba ya nunawa: rufe ido in naushi ya taho, ja da baya a miƙe haɓa a sama, juya baya. Kowanne sai an zauna a kansa. Ina kuma maimaita musu cewa hula tana hana tsagewar gira da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Duk wanda ya ce kansa na ciwo bayan gwaji, ya huta, ba gardama.

A wata na huɗu nakan ɗauki yaro mu shiga danfo zuwa Oshodi, mu sauka Surulere, ya ga ɗakin damben Brai Ayonote da ke cikin babban filin wasa na ƙasa, ya ga yadda 'yan tawaga ke motsi. Nakan gaya masa cewa lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu a kowane wasa, ɗan dambe ne ɗan Legas ya kawo ta, Nojim Maiyegun, tagulla a Tokyo a 1964. Isaac Ikhouria ya ƙara tagulla a 1972, Peter Konyegwachie azurfa a 1984, David Izonritei da Richard Igbineghu azurfa biyu a Basalona a 1992, Duncan Dokiwari tagulla a 1996. Shida ke nan, kuma tun daga 1996 ba a sake ba, abin da ke damun duk mai son wasan nan. Dukansu da damben 'yan dagaji suka fara, irin wanda yaron zai yi. Amfanin tafiyar a wurina shi ne ya ga gudun hannun waɗanda suka fi shi tun kafin ya gamu da irinsu, ya dawo da sanin sauran aikin da ke gabansa.

Nauyi shi ne inda aka fi cutar da yara, don haka zan tsaya a kansa. Ana raba 'yan dambe rukuni-rukuni bisa kilo, kuma sikelin gasa ba ya yafe ko giram 100. Saurayin nan yana 63.5, akwai ɗan kitse a jikinsa, sai muka ga 60 za ta yi masa ba tare da wahala ba. Da jikinsa a bushe yake, da rukuni na sama zan kai shi. Rabin kilo a mako muka sa a gaba, wato mako bakwai zuwa takwas. Muka cire lemon kwalba, muka rage sukarin shayi daga cokali huɗu zuwa ɗaya, muka daina burodi da soye-soye da dare. Tuwo da shinkafa suna nan, amma da rana kuma malmala ɗaya. Wake, ƙwai, kifi, nama da ganye ba a taɓa su ba, ruwa kuma ya sha iya shansa. Kowace safiya bayan ya zaga, kafin ya ci komai, ya hau sikeli ɗaya ya rubuta a littafi. Yana kuma aunawa kafin kwanciya, don mu san nawa jikinsa ke zubarwa cikin dare. Nasa wajen giram 600 ne, kuma sanin wannan adadin ya yi mana amfani daga baya.

Abin da ba na yarda da shi shi ne yaro ya yi sakaci har saura kwana biyu, sannan ya sa leda a jiki ya yi gudu cikin rana, ya ƙi shan ruwa, ya yi ta tofar da yawu, ko ya sha maganin zawo ko na fitsari. Abin da ya zubar ruwa ne ba kitse ba. Zai hau sikeli ya wuce, amma zai hau ringi ƙafafu na rawa, ido na ganin dishi-dishi, naushin da zai iya shanyewa ya kai shi ƙasa. A zafin Legas da gumin da ba ya bushewa, wannan yana iya kai mutum asibiti tun kafin gasa. Ga shi kuma a gasar kwanaki da yawa, duk ranar da za ka yi wasa sai an sake auna ka, ba inda za ka ɓuya. Magungunan fitsari suna cikin abubuwan da hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta, tiramadol ma ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun Janairun 2024. Ko ba doka, wanda ya sha abin da zai hana shi jin zafi ya kashe ƙararrawar da ke gaya masa ya ji ciwo. Wanda na kama da ita ba ya sake shiga wurinmu.

Kulob ne ke kai sunan ɗan wasa ga ƙungiyar damben 'yan dagaji ta jiha, mutum ba ya zuwa shi kaɗai. Gasannin Legas an fi yin su a Rowe Park da ke Yaba da zaurukan Surulere. Abin da koci zai tsaya a kai shi ne a haɗa sabo da sabo. Ina neman ganin littafin abokin karawa, in na ga karo goma sha biyar a ciki alhali nawa bai yi ko ɗaya ba, na janye shi, ko da mun biya kuɗin mota. Kwana goma kafin ranar muka daina gwaji mai ƙarfi, kwana biyu na ƙarshe inuwa da miƙe jiki kawai.

Daren gasa ya auna 60.5. Da lissafin giram 600 ɗin nan, mun san zai tashi ƙasa da 60 kaɗan, sai ya kwanta ba fargaba. Muka bar Agege kafin ƙarfe shida saboda cunkoso, domin wanda ya makara awo ya fita ko da ya fi kowa iyawa. A jaka akwai littafinsa, riguna da wanduna ja da shuɗi tunda ba mu san kusurwar da za a ba shi ba, bandeji biyu, robar baki biyu, kariyar gaba, takalmi mara dunduniya, tawul, ruwa da abinci. Likita ya duba shi, ya hau sikelin gwaji, ya nuna 60.2. Sikelin gida da na gasa ba sa taɓa zama ɗaya, shi ya sa ake so a bar rarar rabin kilo, mu kuwa ba mu bari ba. Giram 200 ba abin tashin hankali ba ne: ya zaga, ya sa riga mai kauri ya yi tsallen igiya minti goma, ya goge jiki, ya hau na hukuma a 59.9. A riƙa tunawa ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo. Yara da yawa sun faɗi awo saboda ledar da suka sha a mota.

Doka ta ce a bar aƙalla awa uku tsakanin awo da wasan farko. Ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, ya ci shinkafa da ƙwai da ayaba, abin da cikinsa ya saba da shi, ba mai yawa ba yaji. Jira shi ne abin da ke cinye sabon ɗan dambe. Yakan yi ta zirga-zirga yana kallon wasan wasu har ƙarfinsa ya ƙare. Na sa shi ya kwanta ya ɗora ƙafa a jaka. Saura wasa uku kafin nasa muka fara ɗumama jiki, har gumi ya tsatso. Jami'i ya duba bandeji ya sa masa alama, aka ba shi safa mai oza 10, wadda ƙananan rukunai ke sawa, manya kuma 12. Zobe, laya, guru, duk an cire, ba abin da ke hawa ringi sai kayan wasa. Batun hula ya danganta da gasa: tun 2013 aka cire ta ga manyan maza a wasannin duniya, mata da matasa suna sawa, a gasannin gida kuma sai a tambaya tun kafin ranar. Gemu da a da ake tilasta askewa an sassauta dokarsa, kuma tun 2019 mata suna iya dambe da hijabin wasanni.

Alƙalin cikin ringi da Turanci yake ba da umarni, kuma na riga na sa yaron ya haddace su a horo. "Boks" a fara, "sitof" a tsaya cak, "birek" kowa ya ja taku ɗaya baya kafin a ci gaba. Wanda ya yi duka bayan an ce a tsaya ya jawo wa kansa. Jan kunne ba ya rage maki, amma gargaɗi na hukuma yana cire maki ɗaya, na uku kuma kora ce. Masu ba da maki suna zaune a gefuna, biyar a manyan gasanni, uku a ƙanana. Wanda ya ci turmi yana da 10, ɗayan 9 in an yi kusa, 8 in an fi shi a fili, kuma ba kunnen doki a turmi. Abin da suke dubawa naushi mai kyau da ya sauka a gaban kai ko jiki sama da bel, da wanda ke juya wasan.

Minti ɗaya da fara turmin farko, abin da na ji tsoro ya faru. Ihun jama'a ya tashi, tsohon hali ya dawo, ya ja dama baya zai kwaso ta, haɓa ta buɗe, huk ɗin hagu ta same shi. Bai faɗi ba, amma gwiwarsa ta lanƙwashe, alƙali ya tsayar ya ƙirga masa takwas a tsaye. Mun riga mun yi wannan a horo: ya ɗaga hannu, ya kalli alƙali ido cikin ido, ya yi numfashi. Ƙirgen ba ya cire maki da kansa, an yi shi ne don a duba lafiyar ɗan wasa, amma in ya kai uku a turmi ɗaya an tsayar da wasan.

Hutun minti ɗaya ba wurin wa'azi ba ne. Daƙiƙa goma sha biyar na farko ban ce komai ba, ya zauna, na cire robar na wanke, ya ja numfashi mai zurfi sau uku. Na duba idonsa, na tambaye shi turmi na nawa ne, ya amsa daidai. Da ya yi ɗan jinkiri ko ya kalle ni kamar bai san ni ba, da tawul ɗin da ke kafaɗata zan jefa don a tsayar da wasan. Kurɓin ruwa ɗaya, sannan magana ɗaya tak: "Dama a kunci, hagu sau biyu, ka zaga ta damarka." Ya ce, "To, Koci." Turmi na biyu ya yi abin da aka ce, jab ɗinsa ta riƙa shiga. Na uku duka biyun sun gaji, aka yi ta rungume-rungume. Alƙalai biyu suka ba abokin karawarsa, ɗaya ya ba shi.

Da sauka, likita ya sake duba shi, aka rubuta sakamako a littafi. Tunda ya sha naushin da ya girgiza shi, ban bar shi ya koma shi kaɗai ba. Na kai shi har gida na ce wa yayansa, "Malam, a kwana kusa da shi yau. In ya yi amai, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, ko magana ta harɗe, ko barci ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ko ya ce yana ganin abu biyu-biyu, asibiti nan take, kada a jira safiya." Jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali, mutum yana hira lafiya lau sai bayan awanni abin ya bayyana.

Wanda aka tsayar da wasansa saboda duka a kai, doka ta ba shi hutun aƙalla kwana 30, ba gasa ba gwaji. In ya sake faruwa cikin wata uku, hutun kwana 90 ne, in ya kai sau uku cikin shekara, shekara guda. Ana rubuta wannan a littafi don kowane likitan gasa ya gani. Inda nake jin tsoro da yaranmu shi ne fagen gargajiya ba ya tambayar littafi. Yaro yana cikin hutun likita, sai a kira shi dambe ranar Lahadi a ce akwai kuɗi, ya je ya ɗaure hannu da kan da bai warke ba, kuma duka na biyu a kan na farko shi ne mai kisa ko nakasa. Wannan nake zama in yi wa iyaye da iyayen gida bayani da kaina, domin su ne za su san in ya fita.

Shi nasa wasan ba a tsayar ba, amma duk da haka na ba shi mako biyu ba gwaji. Ya dawo ranar Alhamis da nauyin 61.5, gira ta ɗan kumbura, kai lafiya. Muka koma kan layin alli, na naɗe hular na sa masa ƙarƙashin haɓa, na ɗora masa ɗan ƙyalle tsakanin safar dama da kunci. Turmi shida na jab, in ƙyallen ya faɗi a sake daga farko. Karonsa na biyu muka sa shi bayan mako takwas.